Ɗan Kunnen Da Na Kai Madina

Da za a ce in koma baya in gyara abu guda a rayuwata, wata 'yar takarda zan tsinto daga cikin kwata in liƙe ta. Ni na yaga ta da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na fara da ita ne don kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka yawon buɗe ido na je.

Tun da na dawo daga Madina abokaina na majalisar bakin kasuwa suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya jirgi, wancan ya ce da gaske ne ba a cin tuwo a can. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, shi ne na ce bari in rubuta. Bokona a aji bakwai ya tsaya, sauran shekaruna a kan keken ɗinki na yi su, saboda haka a yi haƙuri da rubutun.

'Ya'yana huɗu ne, duk mata. Babbar sunan mahaifiyata ta ci, ga shi kuma ita ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwani nake ce mata. Da ta zo haihuwar fari gida aka kawo ta Malumfashi, ta haifi mace lafiya lau. Washegari wata nas ta kira ni gefe ta ce jinin uwar da na jaririyar ba iri ɗaya ba ne, akwai allurar da dole a yi wa uwar kafin kwana uku su cika. Ta ce ba su da ita, ta rubuta mini suna a takarda in je Kano in samo. Na biya ta majalisa da takardar a aljihu. Malam Idi mai goro ya ce, "Uwa lafiya, 'ya lafiya, allurar me kuma? Irin ta tsayar da haihuwar nan ce, suna kawai suke sauya mata." Shi faɗa ya yi, ni ne na yaga. Da mijinta, Injiniya Nura, ya bugo waya daga wurin aiki ya tambaya, na ce an yi duk abin da ya kamata. Ita kuwa an yi mata allurai da yawa a kwanakin, ta ɗauka har da wannan a ciki.

Ɗanta na biyu namiji ne, ya zo idonsa rawaya, kwana uku ya yi. Na uku da na huɗu a ciki suka rasu, aka fito da su a kumbure. Mata suka ce wabi ne, ni ma na ce wabi ne. Wani lokaci takardar takan faɗo mini a rai ina tsakiyar ɗinki, sai in ƙara taka keken. Kalmar wabi ta fi mini sauƙi, don ba ta da mai laifi.

Daga baya Nura ya samu aikin ruwa a Madina, suka koma can. Mahaifiyar Uwani ta riga ta rasu, don haka da ta samu ciki na biyar ni ta kira. Ta ce, "Baba, ka zo. Sun ce akwai abin da za su yi, amma ni tsoro nake ji."

Shirin tafiya ya ci mini wata ɗaya. A wurin katin lafiya aka tsira mini allura biyu a dantse, ban tambayi ko ta mece ce ba, har godiya na yi. Yayar marigayiya, Inna Ladi, ta haɗa mini ƙullin sassaƙe na mai wabi, ta kuma ba ni ɗan kunne guda ɗaya na azurfa. Ta ce ko namiji ne a huda masa kunne, a kira shi Ajuji ko Bawa, don abin da ke ɗauke su ya raina shi ya bar shi. Na sa ɗan kunnen a aljihun gaba, sassaƙen kuma a jaka tare da goro huhu ƙarami.

Daga Kano muka tashi. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Maraɗi, wannan zuwanta na biyar. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta buɗe mini abincin jirgi. Na tsinci wani ɗan ƙunshi na yaga zan zuba a shayi, ta riƙe mini hannu ta ce, "Alhaji, wannan na shafe hannu ne, in ka sha shi ban san me zan ce ma iyalinka ba." Da ta ji ina da goro sai ta kama baki. Ta ce, "Ka ci abin da za ka iya ci yanzu, sauran ka yi masa bankwana." Jakar kuwa tana ƙarƙashin jirgi, ko ɗaya ban samu na ci ba.

A Jidda haka aka yi. Ma'aikacin kwastan ya buɗe jakar, ya ɗaga goron ya ce, "Mamnu'," wato an hana. Ya kwance ƙullin Inna Ladi, ya shinshina, ya kira wani, shi ma ya shinshina. Suka yi ta tambayata da Larabci, ni kuma ina nuna ciki da hannu ina cewa magani ne. Ina jin sun ɗauka ni ne mai ciwon cikin, don ɗayan ya dafa kafaɗata ya yi mini addu'a, sannan ya jefa ƙullin a kwandon shara. Ɗan kunnen ne kaɗai ya tsallake.

Nura ya tare ni a waje, muka hau jirgin ƙasa zuwa Madina. Ban taɓa ganin abin hawa a ƙasa mai gudu irin wannan ba, amma shayin da ke gabana ko motsi bai yi ba. Awa biyu ina zaune da surukina kafaɗa da kafaɗa, abin da a gida ba zai yiwu ba. Shi yana kallon wayarsa, ni ina kallon duwatsu.

Gidansu a Al-Khalidiyya yake, hawa na uku, irin wanda suke kira shugga. Babu tsakar gida, babu zaure, maƙwabcinka yana saman kanka. Jikata Safiyya ce ta buɗe ƙofa, wato 'yar farin nan da ta rayu. Na ce, "Amarya, ango ya iso, ba ko ruwa?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ma abga."

Na ce wa Nura me ta ce. Ya ce, "Baba, cewa ta yi ba ta so."

Na ce, "Sai da na hau jirgi biyu za ki sake ni a bakin ƙofa?" Duk abin da na faɗa tana ji, amma amsa sai da Larabci. Haka yaran can suke.

Uwani ta fito tana dafa bango, cikin ya shiga wata na bakwai. Bayan gaisuwa na ce ko akwai tela a kusa in ari keke in yi wa baƙo 'yan riguna. Ta ce, "A'a Baba. Sau uku kana ɗinkawa ina rabarwa. Kada a sayi komai, kada a ɗinka komai." Sannan ta tambaya ko Inna Ladi ta ba ni saƙo. Na ciro ɗan kunnen, ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Mace mai digiri, a birnin Manzon Allah.

Abincinsu na safe wake ne dakakke da mai, suna ce masa ful, da wani burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa da kaza a babban tire. Ba laifi, sai dai ba yaji, kullum sai Uwani ta miƙo mini nata na gida. Maƙwabcinsu na ƙasa, Ustaz Abakar, mutumin Chadi ne mai gyaran firji, shekararsa talatin a can. Ya gayyace ni shan gahawa. Kofin bai fi murfin kwalba ba, abin kuma ɗaci. Ina shanyewa in miƙa masa, sai ya sake cikawa. Sai da na sha tara sannan ya ce, "Ya Hajj, kai kam kana son gahawa!" Ashe in ka ƙoshi girgiza kofin ake yi. Ni ina sha don kunya, shi yana zubawa don kunya.

Shi ne kuma ya tambaye ni sunan babban ɗana, don a can da shi ake kiran mutum. Na ce mata gare ni. Ya ce to babbar. Na ce ai a wurinmu ba a faɗa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya tambayi Nura, daga ranar na koma Abu Halima. Ko a masallaci daga nesa sai ya ɗaga murya, "Abu Halima!" Sunan da na yi shekara talatin da biyar ina kauce masa, ga shi ana kirana da shi a titi.

Kwana huɗu da zuwana muka tafi asibiti. Can ba a zuwa a kama layi tun asuba, lokaci ake ba ka, suna ce masa mau'id, in ka makara ya wuce. Ɓangaren mata daban, na maza daban, amma a ofishin likita an bar mu mun shiga ni da Nura. Babban likitan Balarabe ne. Tare da shi akwai Dakta Bilkisu, 'yar Zariya, ita ta yi mana bayani.

Ta shafa wa cikin wani mai, ta ɗora na'ura, sai ga yaron a allo. Na ga kai, na ga hannu. Ta nuna wani wuri a cikin kan inda ja da shuɗi ke walƙiya, na'urar tana wani huci. Ta ce, "Baba, ka san kunu. Mai kauri a hankali yake zuba, tsararo kuwa gudu yake. Gudun jinin kansa muke aunawa. Nasa ya yi gudu da yawa, wato ya tsinke." Ta ce jinin Uwani irin wanda ba kowa ke da shi ba ne, na yaran kuma irin na ubansu ne. A haihuwar fari jinin jaririya ya ɗan shiga jikin uwar, jikin ya ɗauke shi baƙo, ya koyi yaƙi da shi. Tun daga nan duk cikin da ya zo da jinin uban, sai jikinta ya riƙa cinye masa jini, har zuciyarsa ta gaji ya kumbura.

Na ce, "To likita, wabin fa?"

Ta ce, "Shi ke nan wabin, Baba. Ga shi a allo."

Sai ta juya ga Uwani tana duba fayil. "Kin ce an yi miki allurar nan bayan haihuwar fari ko?"

Uwani ta ce, "An yi. Baba ne ma ya je Kano ya samo."

Dakta Bilkisu ta ce, "To. Takan ƙi aiki, amma da wuya ƙwarai." Uwani ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina zaune, ina murza hulata a gwiwa.

Maganin da suka ce za su yi, da a majalisa aka ba ni labari da na ce ƙarya ne. Za a ƙara wa yaron jini yana cikin ciki. Za a soka doguwar allura siririya ta cikin uwar, ana kallon allo, har ta shiga jijiyar cibiya, a tura masa jini irin wanda jikin uwar ba ya yaƙi da shi. Ta ce akwai haɗari, naƙuda na iya tasowa, zuciyar yaron na iya tsayawa, amma barinsa haka ya fi haɗari. Na ce a ɗebi nawa. Ta ce, "Naka ba zai yi ba, Baba, ga kuma hawan jini. Muna da wanda aka tanada."

Da muka fito na ce wa Nura na manta hulata, alhali tana hannuna. Na koma na sami Dakta Bilkisu a baranda. Na ce, "Likita, ba a yi allurar ba. Ni na yaga takardar."

Ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Wannan ba zai canza aikinmu ba, allurar ba ta da amfani gare ta yanzu. Amma 'yarka ta tambaye ni har sau biyu, me ke jikinta da ya fi na sauran mata muni, da har allura ta ƙi ta. Ni ban da amsa. Kai kana da ita. Ka bari a yi aikin gobe tukuna."

Washegari aka shiga da ita da hantsi. Ni da Nura muna ɓangaren maza, ya kasa zama, ni na kasa tashi. Bai kai awa ɗaya ba Dakta Bilkisu ta leƙo ta ce, "Khalas, an gama, zuciya tana bugawa." Kwana ɗaya suka riƙe ta. Da ta dawo gida ta ce yaron da ya yi kwanaki lamo, yanzu har shurinta yake yi.

Na bari ta huta kwana biyu. Ran na uku da safe, Nura ya tafi aiki, Safiyya tana makaranta, ta kawo mini ful ta zauna. Na ture tiren. Na ce, "Halima."

Ta ɗago da sauri, don ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

Na faɗa mata duka, nas ɗin, takardar, majalisa, kwatar, da abin da na ce wa mijinta a waya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kwana uku aka ce?" Na ce kwana uku. Ta ce, "Kano awa nawa ce daga gida?" Na ce ba ta kai uku ba.

Sai ta ce, "Baba, ka san a gidan suna mata janye jariransu suke yi in na miƙa hannu? Shekara goma ina roƙon Allah Ya nuna mini laifin da na yi. Kana ji ana ce mini mai wabi, kai ma kana faɗa." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito ta ajiye ɗan kunnen kusa da tiren, ta koma.

Kwana goma sha biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abincina bai taɓa makara ba, yajina yana gefe, amma ba ta zama. Nura da ya ji, cewa ya yi, "Allah Ya kyauta, Baba," bai ƙara ba, kuma bai fasa kai ni Harami ranar Juma'a ba. Na ce zan koma gida. Uwani ta aiko Nura ya ce mini ba yanzu ba, in tsaya in ga ƙarshen abin. Yawancin yinina a shagon Ustaz Abakar na yi shi a unguwar Aƙiƙ, ina miƙa masa sukurdireba, ina girgiza kofi tun a na biyu.

Sau uku aka yi ƙarin jinin, tsakaninsu mako biyu zuwa uku. A na biyu zuciyar yaron ta yi ƙasa suna tsakiyar aiki, suka dakata har ta dawo, sannan suka ƙarasa. Ana saura 'yan makonni wata tara ya cika suka ce ba za a ƙara jira ba, aka yi mata aiki aka ciro shi. Namiji. Ta bayan gilashi na gan shi, tsirara a cikin akwati, an rufe masa ido, fitila shuɗiya tana haska shi saboda shawara. Ita ce shawarar da ta ɗauki yayansa a kwana uku. Nan kuwa fitila suka sa mata, da ƙarin jini sau ɗaya. Ya yi kwana goma sha ɗaya aka sallamo shi, da sharaɗin a riƙa kai shi awon jini.

Ranar da za a ɗauko shi Uwani ta ce wa Nura, a gabana, "Yaron nan ba shi da ko riga. A kai Baba wurin telan nan na unguwar Al-Sih." Wani Basudane ne, ya ba ni kekensa na lantarki, na ɓata yadi rabin kamu kafin ƙafata ta saba. Riguna uku na yi. An sa wa yaro Abdurrahman. Kunnensa lafiya lau, ba huda.

Bizata ta kusa ƙarewa, na yi shiri. Da safen da zan tafi na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce ta yafe mini. Tana shayar da shi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nawa na yafe, Baba. Na su ukun ba a hannuna yake ba." Sannan ta ce, "Rabi tana da ciki wata huɗu." Rabi ita ce autata. "Kana sauka ka kai ta a auna jininta, da kanka. Kuma ka je majalisar nan da aka faɗa maka, ka faɗa musu."

Na kai Rabi. Jininta irin na yayarta ne. An rubuta mana allurar, ana yi mata ɗaya tun tana da cikin, ɗaya kuma bayan ta haihu. Takardar tana cikin leda a aljihuna na gaba, inda ɗan kunnen ya zauna. Shi kuma na mayar wa Inna Ladi, ta ce to da me yaron ya tsaya, na ce da jini.

Saura majalisa, shi ne wannan rubutun. Malam Idi, ba da kai nake ba, hannuna ne ya yaga. Ban ce kowane wabi wannan ne ba, likitar ma ba ta ce haka ba. Amma duk wanda aka miƙa wa takarda a ƙofar ɗakin haihuwa, in bai gane ba ya koma ya tambayi wadda ta rubuta, kada ya kawo ta bakin kasuwa. In kuma ya riga ya yi irin tawa, kada ya bar 'yar mutane tana ɗauke da sunan da ba nata ba. Kaburbura uku ne a bayan gari, ƙanana, ina wucewa ta gefensu duk ranar kasuwa. Don Allah kada wani ya yi abin da na yi.